Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Alƙalan Alƙalai da Majalisun Dokokin Jihohin Arewa: Kwana 30 Bai Isa Ɗaukaka Ƙarar Gado Ba

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Allah ya gafarta Malamai, Alƙalan Alƙalai na Kotunan Ɗaukaka Ƙara na Shari'ar Musulunci, da masu girma shugabannin majalisun dokoki da 'yan kwamitocin shari'a na jihohinmu.

Mu da muka rubuto wannan takarda lauyoyi ne da malaman fara'ili (ilimin rabon gado) da tsofaffin ma'aikatan kotu. Abin da ya kawo mu shi ne wa'adin kwana 30 da ake bai wa magajin da bai gamsu da hukuncin rabon gado ba domin ya ɗaukaka ƙara. Muna roƙon a tsawaita shi, a kuma gyara ranar da ake fara ƙirga shi, saboda a yadda yake yanzu waɗanda ya fi kayarwa su ne marayu da matan mamaci da 'yan'uwan da ke nesa.

Duk wanda ya taɓa zama a kotun shari'a ya san maganar da ake rufe hukunci da ita: wanda bai gamsu ba yana da kwana 30. A shari'ar bashi ko ta ciniki wannan bai zama matsala ba. Mutum biyu ne, duka suna gaban alƙali, kowa ya ji abin da ya samu da abin da ya rasa tun kafin ya fita. Gado ba haka yake ba. Magada kan kai goma, ashirin, wani lokaci fiye. Wasu suna ɗakin aure a wani gari, wasu suna goye a baya, wani ma yana ciki ba a haife shi ba. Kuskuren rabo kuma ba a cika jin sa da kunne a ranar karanta hukunci ba. Sai an ga lissafin a takarda, ko an je an tsaya a gonar an ga inda aka kafa iyaka, sannan mutum ya gane an rage masa.

Ku dubi yadda matakan suke. Sashe na 277 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a hurumin sauraren afil, wato ɗaukaka ƙara, a kan wakafi da kyauta da wasiyya da gado idan mamacin Musulmi ne. Daga nan sashe na 244 ya buɗe hanya zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya, kuma a can wanda aka yanke wa hukuncin ƙarshe a shari'ar da ba ta laifi ba yana da wata uku. Daga can zuwa Kotun Ƙoli ma wata uku ne. Wanda ya kai waɗannan matakai yana da lauya, yana da kwafin shari'a a hannu, ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Shi aka ba wata uku. Bazawarar ƙauye da ta tsaya gaban alƙali karo na farko a rayuwarta, ba lauya ba takarda, ita aka ba wata ɗaya. Mun kasa samun hujjar da ta sa mafi rauni ya samu mafi ƙarancin lokaci.

Kwana 30 ɗin ma ba ranakun aiki ba ne. Asabar da Lahadi suna ciki, don haka ranakun da ofishin magatakarda yake buɗe ba su wuce 22 ba, in hutun salla bai faɗo a tsakiya ba. A cikinsu ne mutum zai nemi kwafin hukunci. A ƙananan kotuna da yawa har yanzu da hannu ake rubuta shari'a a babban littafi. Sai an samu mai bugawa, an karanta an gyara, alƙali ya sa hannu, an buga hatimi. In aka yi wa alƙalin canjin wurin aiki ko ya tafi hutu, takarda ta kwanta. Sashe na 294 ya wajabta wa kotunan da Tsarin Mulki ya kafa su ba kowane ɓangare ingantaccen kwafi cikin kwana bakwai, amma a ƙananan kotunan shari'a, inda ake yin kusan duk rabon gado, ba a ganin wannan a aikace. Akwai kuma abin da ya fi ƙarfin kowa: yajin aikin ma'aikatan kotuna da ya fara ranar 6 ga Afrilu 2021 ya rufe kotunan ƙasar nan sama da wata biyu. A watan Satumba na shekarar 2021 kuma aka katse layukan waya a Zamfara, ta yadda wanda ke Gusau ba ya iya sanar da ɗan'uwansa na Legas an raba gidan mahaifinsu.

Za a ce ai ana iya shigar da afil ko babu kwafi a hannu. Gaskiya ne. Amma mutum ba ya afil sai ya san an zalunce shi, kuma mafi yawan magada ba su iya lissafin fara'ili. Sai sun kai takarda wurin malami ya duba. Bayan haka, kai ƙarar yayanka ba ƙaramin abu ba ne a wurin Bahaushe. Abin da ake fara yi shi ne a je wurin baffa ko kawu ko limamin unguwa, a ce a bari a zauna. A sa ranar Juma'a, wani bai zo ba, a ɗaga zuwa wata Juma'ar. Wanda rabon ya yi wa daɗi ya san wa'adin, shi ya sa bakinsa ba ya rabo da "a yi haƙuri, za a duba". Ranar da kwana 30 ya cika sai ya daina ɗaga waya. Ashe wa'adin yana hukunta wanda ya bi hanyar sulhu, alhali Alƙur'ani ya ce sulhu alheri ne, kuma kotunanku da kansu sulhu suke fara nema.

Bari mu kawo irin kurakuran da ba sa fitowa sai daga baya, domin a ga ba zato muke ba.

Mafi yawa shi ne barin wani magaji a waje. Wanda ya kawo ƙarar rabo shi yake lissafo magada, alƙali kuma bai san gidan ba. Sai a manta, ko a yi kamar an manta, da 'yar da aka haifa da matar farko wadda ta tashi a wurin dangin uwa. A misali, mutum ya rasu ya bar dukiyar da bayan biyan bashi ta kai naira miliyan 24, da mata ɗaya, da 'ya'ya maza biyu da mata uku. Matar tana da tumuni, miliyan 3. Sauran miliyan 21 a kasa bakwai: kowane namiji miliyan 6, kowace mace miliyan 3. In aka bar 'ya ɗaya a waje, sai a kasa shida: kowane namiji ya tashi da miliyan 7, kowace mace miliyan 3 da rabi. Haƙƙinta bai tafi hannun mutum ɗaya ba, ya watsu a hannun mutum huɗu, kuma kowace ranar da ta wuce ana ƙara kashe shi. Ita kuwa watakila sai ta zo gaisuwar salla za ta ji an yi rabo.

Akwai matar da aka saka sakin kome miji ya rasu tana cikin idda. Tana da gado. Akwai wadda ya saka yana cikin ciwon ajali. A mazhabar Malikiyya tana gado ko da iddarta ta ƙare. Irin waɗannan mata dangin miji ba sa kawo sunansu, su ma sau da yawa ba su san suna da haƙƙi ba. Akwai mahaifiyar mamaci da ta rasu bayansa kafin a yi rabo: sudusinta ya riga ya tabbata, sai a fitar da shi a raba wa nata magadan, amma sai ka ga an tsallake ta don ba ta raye ranar zaman kotu. Akwai mas'alar awli, inda kaso ya fi asali yawa. Wanda ya bar mata da 'ya'ya mata biyu da uwa da uba, asalin mas'alarsa 24 ne amma tana hawa zuwa 27, tumunin matar ya koma ɗaya bisa tara, kowa ya ragu daidai gwargwado. In mai lissafi ya ba wasu kasonsu cikakke ya ɗora raguwar a kan na ƙarshe, babu wanda zai gane a ɗakin kotu.

Sai kyauta da wasiyya. Wani ɗa ya ce mahaifinsu ya ba shi shagon tun yana raye. A Malikiyya kyautar da ba a karɓa aka riƙe ba har mai ita ya rasu ta ɓaci, ta koma cikin gado. Wasiyya ba ta wuce sulusi, kuma ba a yi wa magaji sai da yardar sauran. Shaidun da za su ce uban ne yake karɓar kuɗin hayar shagon har ranar da ya kwanta ba a tara su cikin mako uku. Haka batun ƙima: dillalin da aka kawo ya yi wa gida kuɗi zai iya zama abokin wanda yake son sayen kason 'yan'uwansa da araha. Ba a gane an karya farashi sai an ga yadda aka sayar da gidan maƙwabta bayan wata biyar. Dukiyar zamani ma ba ta bayyana da wuri. Kuɗin banki da hannun jari da haƙƙin fansho yawanci sai an samo takardar izinin kula da dukiyar mamaci kafin a san adadinsu, wannan kuwa aikin watanni ne. Sau da yawa hukunci yana riga sanin haƙiƙanin abin da mamacin ya bari.

Matar da ke takaba ita ce ta fi tsaya mana a rai. Iddarta wata huɗu da kwana goma, kusan kwana 130. Ba kowane rabo ake yi cikin takaba ba, amma in akwai mai gaggawa a gidan, da an yi sadakar arba'in ake nufar kotu. Fiƙihu ya yarda ta fita da rana don buƙata, mun sani. Amma kowa ya san yadda al'ada take kallon mai takabar da aka gani a harabar kotu tana neman dukiya. Za a ce ko kabarin bai bushe ba. Don haka sai ta wakilta wani, wani lokaci ma daga dangin mijin, wanda shi kansa yana da abin da zai samu ko ya rasa a rabon. In aka yanke hukunci a kwana na 50 da rasuwa, wa'adinta ya ƙare a kwana na 80, saura mata kwana 50 ta fita takaba. Ranar da ta fito ta nemi bayani, ƙofa ta daɗe da rufuwa.

In tana da ƙaramin ciki abin ya fi haka nauyi. Muhtasar na Halil, littafin fiƙihun Malikiyya, ya faɗa ƙarara cewa ana dakatar da rabo saboda ciki. Amma cikin wata ɗaya ko biyu ba kowace mace ce za ta faɗe shi gaban maza a kotu ba, wata ma ba ta tabbatar ba tukuna. Ku ɗauki mamacin da ya bar mata da 'ya ɗaya da ɗan'uwa shaƙiƙi, dukiyar miliyan 24 ce. Mata 3, 'ya 12, ɗan'uwa 9. In aka haifi namiji bayan wata bakwai, ɗan'uwan ba shi da ko kwabo: ɗan yana da 14, 'yar tana da 7. Miliyan 9 ke nan a hannun wanda shari'a ta katange, kuma jaririn ya zo duniya bayan wa'adin afil ya wuce da wata shida.

Maraya ƙarami kuwa wanda zai yi afil a madadinsa shi ne waliyyinsa, kuma sau da yawa waliyyin shi ne wanda za a yi ƙara. Ba zai kai kansa ba.

Mun san amsar da za a ba mu: ai doka ta bar ƙofar neman ƙarin lokaci. Haka ne, amma ku dubi faɗin ƙofar. Mai nema sai ya cika sharaɗi biyu tare: ya kawo takardar rantsuwa mai ɗauke da ƙwaƙƙwaran dalilin da ya hana shi zuwa a kan lokaci, ya kuma nuna dalilan afil da a kallon farko suka cancanci a saurare su. Ana so ya yi bayanin duk tsawon jinkirin, ba wani yanki ba. Rashin sanin doka ba uzuri ba ne, talauci shi kaɗai ma ba a cika karɓarsa ba. Kuskuren lauya kuwa kotuna sun saba yafe shi, don kada a ɗora wa mai ƙara laifin da ba nasa ba. Sakamakon shi ne wanda ya iya ɗaukar lauya yana da uzurin da ake karɓa, wanda bai iya ba kuma uzurinsa na gaskiya, wato bai sani ba kuma ba shi da kuɗin mota, shi ne ba a karɓa. Sannan roƙon kansa shari'a ce mai zaman kanta: sammaci, zama, ɗagawa, martani, kafin a taɓa asalin maganar gadon. Amincewa kuma tana ga ganin damar kotu, shi ya sa uzuri iri ɗaya yake wucewa a wannan zaure ya faɗi a wancan.

Wanda ba a sa shi cikin shari'ar ba tun farko yana cikin wani ruɗanin na daban. In ya koma kotun da ta yi rabo, a ce masa hannun alƙali ya fita, sai sama. In ya je sama, a ce shi ba ɓangare ba ne, sai ya nemi izini a matsayin mai ruwa da tsaki, ga kuma lokaci ya ƙure. Roƙo biyu ko uku ke nan kafin a tambaye shi ko shi ɗan mamacin ne.

Ga kuma tarkon hurumi, wanda har lauyoyi yake kamawa. Idan rigimar ta tashi daga "nawa ne kasona" ta koma "wannan gonar ta mamaci ce ko ta wani ce", to ta zama rigimar mallakar ƙasa, kuma Kotun Ƙoli a shari'ar Magaji da Matari ta shekarar 2000 ta tabbatar cewa irin wannan ba hurumin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ba ne. Talaka bai san wannan bambanci ba. Ya shigar da afil a kan lokaci, ya yi shekara uku yana zirga-zirga, ya yi nasara, sannan a sama a rushe komai don rashin hurumi. Ya juyo Babbar Kotun Jiha, a ce masa ya makara da shekaru. Mutumin nan bai yi barci a kan haƙƙinsa ko kwana ɗaya ba.

Allah ya gafarta Malamai, kun fi mu sanin cewa abin da muke nema ba baƙo ba ne a fiƙihu. Wasiƙar Sayyidina Umar ga Abu Musa al-Ash'ari ta umarci alƙali ya sanya wa mai da'awar hujjar da ba ta kusa wa'adin da zai kai gare ta, ta kuma ce kada hukuncin da ya yanke jiya ya hana shi komawa ga gaskiya in ta bayyana masa. Malamanmu sun ce wanda aka yi wa hukunci ba ya nan yana kan hujjarsa in ya dawo. Halil ya ce ana duba da'awar zalunci ko kuskure a rabo, in ta tabbata ko ta yi muni a warware shi, ya kuma yi bayanin yadda ake yi in mai bin bashi ko wani magaji ya ɓullo bayan an raba. Kotunanku suna rushe hukuncin da ba a yi i'izari a cikinsa ba, wato ba a tambayi mutum ko yana da sauran magana ba. To wanda ba a kira ba sam fa? Hatta hauzi, wato riƙe kadara, da yake kashe da'awa saboda daɗewa, shekara 10 ne tsakanin bare, tsakanin dangi kuma ya ninka haka nesa, domin malamai sun san ɗan'uwa yana kawar da kai ga ɗan'uwa saboda kunya da zumunci. Kwana 30 tsari ne na gudanar da kotu da aka gada, ba nassi ba ne. Hannun da ya rubuta shi zai iya gyara shi.

Ga abin da muke roƙo.

A shari'ar gado da wasiyya da kyauta da wakafi, wa'adin afil ya zama kwana 90 a kowane mataki na kotunan shari'a na jiha, daidai da abin da ake samu a sama. Kuma kada a fara ƙirga shi daga ranar karanta hukunci, sai daga ranar da aka miƙa wa magaji takardar rabo. Wannan takarda ita ce zuciyar gyaran, don haka bari mu fayyace ta. Shafi ɗaya ko biyu ne, da Hausa, da ajami ga wanda ya nema. Ta ƙunshi sunan kowane magaji da dangantakarsa da mamaci, da wanda ya halarta da kansa da wanda aka wakilta da sunan wakilin. Ta jero dukiya ɗaya bayan ɗaya da kuɗin da aka yi wa kowace da sunan wanda ya yi ƙimar. Ta nuna abin da aka cire kafin rabo bisa jerinsa: abin da ke rataye da wata kadara kamar jingina, kuɗin jana'iza, basussuka har da sauran sadaki in akwai, sannan wasiyya. Ta faɗi asalin mas'ala da awlinta in ta yi, da kason kowa a lissafi da kuma a naira. A ƙasa a rubuta ranar da wa'adi zai ƙare da sunan kotun da za a je. A wajabta wa magatakarda ya fitar da ita cikin kwana 14, kowane magaji ya sa hannu ko ya dangwala, a liƙa shaidar karɓa a fayil. Wanda ke nesa a tura masa hotonta ta lambar wayar da aka rubuta a gaban alƙali, a ajiye shaidar turawa. Malamin da aka kai wa irin wannan takarda zai gane kuskure a zama ɗaya, in kuma babu kuskure zai kwantar wa mutum da hankali, afil ɗin da ba shi da tushe ya mutu tun a zaure.

Ga mai takaba, ƙirga ya fara daga ranar da iddarta ta cika. Alƙali kuma ya sa wata mace amintacciya ta tambaye ta a keɓe ko tana da ciki ko tana shakka, a rubuta amsar a littafi. Ga yaron da bai kai shekara 18 ba a lokacin rabo, a ba shi shekara ɗaya bayan ya kai, ba tare da hana wani danginsa na uwa ko na uba neman izinin yin afil a madadinsa tun yana ƙarami ba. Ga wanda ba a kira ba, ko aka ɓoye masa wata kadara, a rubuta a fili cewa yana da damar komawa kotun da ta yi rabon ta sake buɗe shi cikin shekara ɗaya daga ranar da ya sani, ba sai ya hau sama ba. Wanda ya shigar da afil a kan lokaci a kotun da ba ta da hurumi, kada a lissafa masa kwanakin da ya yi a can. Ranakun da kotu take rufe saboda yajin aiki ko dokar hana fita ko rashin tsaro su ma a cire su kai tsaye, ba sai an roƙa ba. Neman ƙarin lokaci kuma a yi masa fom ɗaya da Hausa, da kuɗi ƙayyadadde da aka manna a bango, a yarda mutum ya faɗa da baki magatakarda ya rubuta, a kuma ambaci ƙoƙarin sulhu da jinya da tafiya aikin hajji da gudun hijira cikin uzuran da ake karɓa.

Ba mu manta da ɗaya gefen ba, kuma yana da nauyi. Jinkirin rabo shi ma zalunci ne. Akwai gidajen da suka rushe ana jiran shari'a, akwai magajin da yake afil don kawai ya ci gaba da zama a gidan ko karɓar haya. Mai saye ma yana buƙatar ya san abin da ya saya ya zama nasa. Don haka ba mu ce a daskarar da dukiya ba. Bashi a biya nan take. Hatsi da dabbobi da kayan shago, da duk abin da ke lalacewa ko ke cin kuɗi, a raba ko a sayar a rubuta farashi. Tsabar kuɗi a ba kowa kasonsa, na marayu a sa a asusun banki da ba a taɓawa sai da umarnin kotu, ana fitar musu da na ci da makaranta. Abin da za a riƙe shi ne gida da gona da fili kaɗai: kada a sayar wa bare ko a canza suna sai kwana 90 ɗin sun cika ba afil, sai fa in duk magada baligai ne kuma sun yarda a gaban alƙali, ko bashi ya tilasta. Kotu ta aika sanarwa ga hukumar filaye, irin su KANGIS a Kano da KADGIS a Kaduna, da kuma mai unguwa ko dagaci, tunda su ake kira shaidar ciniki. Wannan ya zama dole domin shigar da afil shi kaɗai ba ya dakatar da zartar da hukunci, kuma gidan da aka sayar aka rushe aka yi shaguna ba ya dawowa ko an ci shari'a. Riƙon zai kuma kare haƙƙin mai takaba na zama a gidan mijinta har ta gama idda.

Bayan wannan lokaci, wanda ya saya da farashin kasuwa ba tare da sanin wata rigima ba cinikinsa ya zauna. Magajin da ya ɓullo daga baya ya bi waɗanda suka karɓi fiye da haƙƙinsu, kowa gwargwadon rarar da ta shiga hannunsa. Mai afil don ɓata lokaci kuma a ɗora masa kuɗin ɗawainiya, in yana riƙe da kadara a sa ya riƙa zuba hayarta a kotu har a gama. A sa wa magatakarda wa'adin haɗa kundin shari'a ya aika sama, kamar yadda ƙa'idojin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya suka ba shi kwana 60, domin a gaskiya shekarun da afil ke ci ba a wa'adin shigarwa suke tafiya ba, a jiran kundi suke tafiya.

Wani abu ɗaya da zai rage rigimar tun daga tushe: wanda ya kawo jerin magada ya kawo shi da shaidu biyu da suka san gidan, ɗaya daga cikinsu ba mai gado ba, a tambaye su a fili ko mamacin ya taɓa wani aure, ko yana da 'ya'ya a wani gari, ko akwai wadda ya saka kusa da rasuwarsa, ko wani magaji ya rasu bayansa. A rubuta tambayoyin da amsoshinsu. Minti goma ne.

Aikin ya kasu gida biyu. Inda wa'adin yake cikin ƙa'idojin kotu, sashe na 279 ya ba Alƙalin Alƙalai ikon tsara ƙa'idojin aikin kotunsa, kuma takardar rabo da fom ɗin ƙarin lokaci da tambayoyin shaidu duk ana iya fara su da umarnin aiki zuwa ga alƙalai ba tare da jiran kowa ba. Inda kuwa yake cikin dokar da ta kafa kotunan shari'a, sai majalisa ta gyara, kuma gyaran bai wuce sashe biyu ko uku ba. Muna roƙon kowane kwamitin shari'a ya kira zaman jin ra'ayin jama'a, ya gayyaci alƙalan ƙananan kotuna da magatakarda da ƙungiyoyin mata da malaman fara'ili, ya kuma nemi rajistar kotun afil ta kawo adadin roƙon ƙarin lokaci da aka shigar a shari'o'in gado cikin shekara biyar da suka wuce, da nawa aka karɓa, da dalilin ƙin sauran. In an yi gyaran, a sanar da shi a gidajen rediyo da masallatan Juma'a, a kuma umarci kowane alƙali ya faɗi sabon wa'adin da bakinsa a ƙarshen kowane hukuncin gado.

Allah ya yi muku jagora, ya sa ku gama lafiya.

Wassalamu alaikum.

Daga wasu lauyoyi, malaman fara'ili da tsofaffin ma'aikatan kotunan shari'a.